Taken Nomau da Jakar Wake

Mun tashi daga Wurno ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina mai fataucin albasa, da jakinsa mai taurin kai irin na mai shi. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Rabah da Goronyo, alhali ba ni da hatsin sayarwa ba ni da bikin zuwa, to ku gyara zama ku ji.

Waɗanda sunka san gidanmu sun san yayana Nomau, ɗan kokawa. Da anka zo neman ƙarfafan samari don yaƙin Turawa, yana cikin waɗanda anka tafi da su. Yaƙi ya ƙare, wasu sun dawo da kaki da manyan takalma, shi shiru. Ba a ce mana ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Kun san kowane gwani yana da takensa, kiɗan da in an buga ko kana cikin gona ka san wanda zai shiga fili. Taken Nomau tun tafiyarsa ba a ƙara kaɗa shi ba. Sai bana, da kaka ta yi, sarkin makaɗan garinmu ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Malam, take ba ya zama cikin ganga shi ruɓe. Ga Bawa na Goronyo, an ce kayensa ya wuce na Nomau. In haka na, za ni ba shi."

Ni kuwa kun san ni da zuciya. Na yi tsalle na ce wa ya ƙirga? Ya ce, "To kai je ka ƙirga." Baba, wanda idonsa ya yi rauni har ba ya gane fuska sai murya, ya kira ni da zan fita. Ya ce, "Tahi, amma kada ka yi ƙarya don ɗan'uwanka." Sai na auni farin wake da ja, na ɗauki 'yar jakar fata. Duk kayen da dattawa biyu sunka shaida, in na Nomau ne in jefa fari, in na Bawa ne in jefa ja. Wallahi na fita da ƙarfin gwiwa, a raina jakar fari fat za ta dawo.

Hanyar Rabah ta yi kyau bana. Da munka bar fadama, inda ake ta yankan shinkafa, sai gonakin gero an ɗaure dammuna an jera, ga kara a kwance shanu na ci. Kafin hantsi munka hau hanyar mota, can sai ga wata babbar mota ta taso da gurnani. Jakin nan da tun safe muke roƙonsa ya ɗaga ƙafa, sai ya zabura ya faɗa gonar mutane, albasa na gangarowa ko'ina. Abokin tafiyata ya bi shi yana zagin kakanninsa, ni kuma ina tsintar albasa ina dariya har cikina ya ƙulle. A kasuwar Rabah hura tana nan da araha, da anini biyu ka sha ka ƙoshi. Gishiri da kananzir kuwa ba su sauko ba tun hawan da sunka yi lokacin yaƙi, yadi kuma sai dai ka taɓa ka yi gaba.

Ba a cikin garin munka yi aikin ba, sai a Tursa, don can Nomau ya fara suna. Dattawa na zaune gindin wata tsamiya ana gyaran igiya. Ina faɗin abin da ya kawo ni, kai, sai ka ce na jefa tsokar nama cikin karnuka, Allah ya gafarta mini misalin. Wannan ya ce ya ga ranar da Nomau ya ɗaga wani ƙaton Bagobiri ya aje shi a hankali kamar mai sauke tulu. Wancan ya ce a'a, tadiya ya sa masa. Ni dai ina jefa fari ina murmushi.

Sai wani tsoho mai haƙori ɗaya ya ɓata mini lissafi. Ya ce, "Yaro, kaye ba ɗaya ba na. Wanda ya kā da ɗan koyo da wanda ya kā da gwani, duk wake guda za ka ba su? Kuma hwaɗuwa hwa? Ko yayanka bai taɓa shan ƙasa ba?" Na ce bai taɓa ba. Sai mutum uku sunka yi mini caa, sunka ce yana sabon shiga an kā da shi nan Tursa har sau biyu, sun gani da idonsu. Raina ya ɓaci, na so in tashi, abokin tafiyata ya danne mini gefen riga. Munka yi shawara duk faɗuwa a cire wake ɗaya, zancen gwani da ɗan koyo kuma munka bar shi, don da mun biye masa da yanzu muna can. Na sa hannu na ciro fari biyu kamar ina cire haƙorina. Duk da haka da munka bar Tursa fari ne a gaba, nesa ba kusa ba.

Daga nan munka juya arewa. Hanyar Giyawa ta jakai ce, wani wuri rairayi ya riƙe maka ƙafa, wani wuri tsakuwa ta cinye maka takalmi. Ƙauyukan da munka ratsa mun tsaya mun tambaya, ja ya fara shiga jaka da yawa, don can Bawa ya fi zuwa. Abokina ya tsiri tsokana, wai in wake ya yi mini nauyi in kawo ya dafa mana, mu huta da gardama. Na ce ya taɓa jakar nan ya ga yadda ake kaye.

A bakin kasuwar Giyawa munka tsaya wurin wata tsohuwa mai hoce da hura. Tana dama mini tana kallona, can ta aje ludayi ta ce, "Ɗan nan, kai ba ƙanen Nomau ba na? Tahiyarku guda." Na ce shi ne, Inna. Ta ce duk zuwansa wurinta yake shan hura kafin ya shiga fili, kuma ba ya yarda a sa masa nono da yawa, wai yana kashe masa jiki. Haka yake a gida ma, na manta sai da ta faɗa. Ta ce, "Ya dawo?" Na girgiza kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ƙara mini hoce biyu ta ƙi karɓar ko anini. Jama'a, nan kewarsa ta kama ni yadda ba ta taɓa kama ni ba. Na tuna yana saɓa ni a wuya in mun dawo gona, na tuna ƙaurin hayaƙin da yake turara layunsa da shi.

A Giyawan ne kuma gabana ya faɗi. Dattawa sunka ba ni kayen Nomau na farkon shekaru, sunka ce iyakarsa ke nan. Na ce saura na kaka biyun ƙarshe kafin ya tafi, ai ya zo. Sunka ce ya zo mana, amma bai kā da kowa ba. An buga takensa, ya zagaya fili yana kirari, ya sake zagayawa, ba wanda ya fito masa, ya koma ya zauna. Na san haka, ko a Wurno haka anka yi ta yi, har muna alfahari da shi. Amma ranar da na yi tsalle gaban sarkin makaɗa ban tuna cewa ranakun nan ba su da wake ba. Bawa kuwa kowace kaka ana fito masa, yana kayarwa.

Mun isa Goronyo ranar kasuwa. Gari ne na bakin gulbi, ga masunta da busasshen kifi tuli, ga 'yan rake, ga masu barkono da albasa har abokina ya fara kukan ya yi asarar sawunsa. Kifi dai ya fi namu araha, na saya wa Baba ƙulli guda. Dattawan garin sunka ba ni abin da sunka sani, mafi yawa ja. Sun faɗi inda Bawa ya sha ƙasa ba tare da ɓoyo ba, na cire masa, amma bai rage komai ba.

Da la'asar anka kafa fili. Nan na fara ganin Bawa da idona, dogo ne baƙi, ba shi da faɗin ƙirjin Nomau amma ƙafarsa kamar an dasa ta. Na so in ga aibinsa, wallahi na nema. Ban samu ba. Ya kā da mutum uku kafin rana ta yi ja, na ƙarshen ma har ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Na jefa ja uku cikin jaka. Ba sai na zazzage jakar ba, na san abin da ke ciki.

Da anka watse na same shi bakin gulbi yana wanke ƙafa. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne. Ya miƙe tsaye da sauri ya ce, "An samu labarinai?" Na ce a'a. Ya koma ya zauna kamar wanda anka zare wa laka. Sai na gaya masa duk yadda munka yi da sarkin makaɗa, na buɗe jakar na nuna masa, na ce ga shi, ka wuce shi, take naka ne. Maganar ta fito mini da ɗaci, ban ɓoye ba.

Ya daɗe yana juya waken da yatsa. Ya ce, "Kana Giyawa ranar da ya zagaya ba wanda ya hito?" Na ce an ba ni labari. Ya ce, "Ni ina wurin. Na ɗaura warki, na sha magani, ubangidana na tura ni. Anka buga taken nan, ƙahwata ta ƙi tashi. Na ce bari in ƙara shekara guda in ƙara ƙarhi. Kahin shekara ta zagayo an tahi da shi. To wane wake ka sa ma wannan rana?" Na ce babu. Ya ce, "Duk wanga ja da kake gani, na tara shi ne don babu shi a hili."

Na ce masa ni dai alkawari na yi zan faɗi abin da na ƙirga. Ya ce, "Hwaɗi. Amma ka gaya ma sarkin makaɗa ban so. In na karɓi taken Nomau, mun yarda ba ya dawowa ke nan. Ni kuwa jiranai nikai. Ko shi kā da ni ko in kā da shi, in san matsayina." Da na tashi tafiya ya bi ni da kallo ya ce in gaida Baba. Na zo da niyyar in tsani mutumin nan, sai ga shi a duk tafiyar ban ga wanda ke kewar yayana kamar mu ba sai shi.

Dawowa ta bakin gulbi munka biyo, jaki ya sauke kaya ya zama na kirki, abokina ma ya daina tsokana. Abin da na koyo a hanyar nan shi ne ƙirga ba ta ƙarya, sai dai abin da anka yi kaɗai take gani. Abin da tsoro ya hana a yi ba ya shiga jaka. Na kuma gane ba mu kaɗai ke duban hanya ba, akwai tsohuwa a Giyawa, akwai ƙato a Goronyo.

Mun shigo Wurno da hantsi. Na aika anka kira sarkin makaɗa, ya zo rataye da gangarsa. Na zazzage waken a tabarma gaban Baba, na ce ja ya fi yawa, ban rage ko ɗaya ba. Baba ya shafa tulin da tafin hannu, ba ya ganin fari ba ya ganin ja, ya ce, "Madalla da ba ka yi ƙarya ba." Sannan na isar da saƙon Bawa yadda ya faɗa. Sarkin makaɗa ya sunkuyar da kai, can ya ce ba a yi wa mutum kyautar dole, take yana nan ga mai shi.

Har ya miƙe zai tafi, Baba ya ce, "Tsaya. Kaɗa mini shi sau guda, na kwana biyu ban ji ba."

Ya gyara ganga ya fara, nan ƙofar gida. Maƙwabta sunka fito sunka yi da'ira ba tare da an ce su yi ba, anka bar tsakiya fili. Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya juya fuskarsa wajen hanyar Sakkwato, inda anka bi da su. Sarkin makaɗa ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa, ya kai ƙarshe ya sake, kamar yadda yake yi a da in ana jiran wanda zai fito. Baba bai zauna ba sai da gangar ta yi shiru. Sannan ya laluba hannuna ya ce, "Ko can baya haka akai, ba a hito mai. Amma shi yakan hito."