Moton da Maigidana Ya Sayo da Araha

Ku matso kusa, ƴan'uwa, in faɗa muku abin da na daɗe ina haɗiyewa. A lokacin ni matar gida ce a Ƙonni, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, yawo kuma ba ya cikin halina. Sai dai Allah ya ba ni baki, ya ba ni kunne. Ina zaune gaban murhu zan gaya muku wanda ya wuce ta ƙofar gida, daga takunsa ko kukan motonsa, wato babur ɗinsa.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani ɗan sanda da matarsa. Aiki ya kawo su, ita mutuniyar Tajaye ce, yarinya mai kunya, Yaya take ce mini. Shi kuwa sarkin barkwanci. In ya dawo sai ya ɗaga murya ta saman katanga, ya kira ni komisar ta unguwa, wai in kawo masa rahoton yini. Ni kuma in ce ya fara gyara tsohon jan motonsa da ke tona masa asiri tun daga bakin titi, in ɓarawo ya ji ai ya gudu da wuri. Don moton yana da kukansa daban. In ya rage gudu zai shawo kwanar gidanmu sai ya yi tari sau biyu, sannan wani abu ya riƙa kaɗawa a ciki kamar cokali cikin gwangwani. Matarsa na ji za ta miƙe ta ɗebo masa ruwan randa.

Wata ranar kasuwa aka tura shi aiki wajen Alela. Da rana tsaka masu bindiga suka tare shi a hanya, suka harbe shi, suka tafi da bindigarsa da moton. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Matar ta zauna takaba nan gidan, ni nake shiga kullum in ɗebe mata kewa da surutuna.

Bayan sadakar arba'in, wata la'asar ina wurinta muna tsince wake, sai na ji tarin nan. Sau biyu, sannan cokali cikin gwangwani. Ita kuwa ta miƙe, har ta kai hannu kan moɗa kafin ta tuna. Muka dubi juna. Moton bai tsaya ƙofarsu ba. Ƙofarmu ya tsaya.

Na shiga gida, na tarar da maigidana yana ta fara'a, yana shafa wani baƙin moto. Ya ce in zo in sa albarka, ya huta da jiran mota in zai je gonarsa ta Tsarnawa. Wajen iyaka ya samo shi hannun wani mutum, da araha, takardu wai sai daga baya. Na ja shi ɗaki na gaya masa na wane ne. Ya yi dariya, ya ce kunnena zai ja mini wata rana, moto irin wannan ai sun fi a ƙirga. Na ce to Malam, ya kankare fentin ya gani. Ya sa makulli ya kankare ƙarƙashin tanki, sai ga ja.

Ta ko'ina wuta ce. In ƴan sanda suka ga moton a gidanmu, shi za a ce ya kashe abokin aikinsu. In ya kai da kansa, wanda ya sayar masa ya san sunansa, ya san unguwarmu, kuma kowa ya san irin mutanen da ke bayansa. Ya ce gara ya hau ya kai shi daji ya yar. Muna cikin haka sai na ji matar marigayin ta kira ni ta katanga, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Yaya, ita ba za ta faɗa wa kowa ba, mun riƙe ta da mutunci, amma don Allah kada a sake tada moton tana ji.

Maigidana ya ji da kunnensa. Sai ya aika aka kira mai unguwa da liman. Su suka raka shi komisariya, ofishin ƴan sanda, yana tura moton da hannu, mutane na kallo. Aka tsare shi. Kwanakin da ya yi can ban iya faɗa muku yadda na yi su ba. Na kulle ƙofa da rana, na hana yara fita, duk moton da ban san kukansa ba in ya rage gudu sai na leƙa ta kafar ƙofa. Sai da manoman Tsarnawa suka zo suka shaida yana gona tare da su ranar kasuwar nan, sannan aka sake shi. Mai sayarwar kuwa aka neme shi aka rasa. Ita ta gama takaba ta koma Tajaye. Mu muna nan, kuma har yau in baƙo ya yi sallama, sai na saurari muryarsa da kyau kafin in amsa.

Abin da na koya shi ne, araha ba ta faɗowa daga sama, wani ne ya biya, wani lokaci da ransa. Masu tare hanya ba za su kashe bawan Allah don moto ba in sun san babu mai saye. Maigidana ba mugu ba ne, tambaya kawai ya ƙi yi, kuma saura kaɗan ta ci shi. Maza, ku ji tsoron Allah, in moto ba shi da takardu ku bar shi. Kai da ka hau naka yau da safe kana murnar ka yi sa'ar ciniki, ka san wanda aka sauke daga kansa?