Hannun Kujerar Direba

Direban motar ma'aikata mutum ne da Allah bai ba shi zama ba. Ko abinci yake ci ƙafarsa na rawa, shi ya sa abokan aiki suke ce masa Inji. Wuri ɗaya yake lafawa, kan tsohuwar kujerar katako da ya gada daga mahaifinsa. Da ya dawo gida sai ya ɗora tafinsa a hannunta, ya bi zanen icen da yatsa, numfashinsa ya sauka, kafaɗunsa su saki. Bai taɓa gaya wa kowa ba, kunya yake ji.

Sai kamfani ya ce za a auna kowane direba, mai hawan jini ya ajiye makulli. A awon farko jininsa ya hau, aka ce ya dawo mako mai zuwa.

A tsakanin nan ne matarsa, don ta faranta masa, ta sa aka shafe kujerar da fenti mai ƙyalli. Kyau kam ta yi kyau. Ya taɓa, ya ji santsi kamar bokitin roba, ya ce an gode, ya tashi. Daga nan ya shiga zarya, ɗaki zuwa ƙofa, ƙofa zuwa ɗaki, har ta ce zai cinye mata siminti. Tsoro ne ya cika shi, ba wani abu ba.

Ana gobe awo ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya kife kujerar yana shafa cikinta, inda fenti bai kai ba.

"Maigida, lafiya?"

"Nan kaɗai ya rage mini," in ji shi.

Da safe ta miƙa masa hannun kujerar. Ɓalle shi ta yi, ta kankare fentin da fasasshiyar kwalba, yatsunta duk yanka.

A asibiti ya miƙa hannun dama, ya damƙe icen da hagu, yana murza shi a hankali. Mai awon ta kalle shi, ta kalli icen, ta ƙyale. Da ƙyar ya tsallake.

Ya dawo da makulli a aljihu, ya iske ta tana zarya, ɗaki zuwa ƙofa, ko girki ba ta ɗora ba. Ya zaunar da ita, ya sa icen a tafinta, ya rufe yankakkun yatsun a kai.