Tabon da Yayata Ta Goge

Yayata ce kaɗai a gidanmu karatu ya zauna wa. Ni na leƙa sakandare, na ga ba a raba komai, na fito. Ita kuwa ta shiga makarantar koyon zane da gyaran hoto a kwamfuta, sai na laƙaba mata Likitar Fuska. Ka ba ta hotonka da ƙuraje kamar bayan kwaɗo, ta dawo maka da shi sumul, har ka riƙa jin haushin madubi.

Kwamfutarta tsohuwa ce, tana nishi kamar injin markaɗe. A bakin tagar falo take zama da ita, don nan ne kawai soket ɗin bai ƙone ba. Da malaminsu ya ce kowa ya nemo fuska mai wuyar gyara, ba ta je da nisa ba. Ga Baba a kujera.

Baba walda ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, daga baya mantuwa ta kama shi. Yana da tabon ƙuna a gefen gira, ga giɓi a gaba, ido ɗaya ya ɗan kanne. Kuma shi kaɗai ne a gidan za a ce zauna ya zauna. Ta yi ta ɗaukarsa hoto. Ta share tabon, ta cike giɓin, ta buɗe idon, ta miƙe fatar goshin. Da ta nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko wannan bawan Allah neman aurenta ya zo. Umma ta yi dariya har da hawaye. Aikin ya zo na ɗaya a ajinsu. Da kwamfutar ta fara kukan ba wuri, sai Yaya ta goge hotunan asalin, ta bar masu kyan.

Wata safiya Baba ya sa takalmi ya ce zai leƙa shago, shagon da aka rushe tun ina rarrafe. Bai dawo ba. Muka shiga neman hotonsa don cigiya. Katin shaidarsa yana aljihunsa. Wayata ta daɗe da faɗawa kwata. Hoton aurensu da Umma kuwa, saurayi ne a ciki. Abin da ya rage mana kawai aikin Likita.

Ni na bi turakun lantarki da tashar mota ina liƙa hoton da lambar waya a ƙasa. Mai gadin asibiti ya duba ya ce irin waɗannan manyan ba nan ake kawo su ba. Wani mai faci ya ce ya ga tsoho mai tabo yana tambayar shagon walda, amma ba wannan ba ne, shi ya sa bai kira lambar ba.

Tun ranar Yaya ba ta koma makaranta ba. Mayar da tabon take son yi. An koya mata cirewa, ba a koya mata sakawa ba. Duk wanda ta zana sai ya fito kamar an ɗiga miya. Abin da ya fi muni, Umma ta ce a hagu yake, Kawu ya rantse a dama. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kallon fuskar nan.

Jiya na same ta a bakin tagar, tana jan tabon daga wannan gira zuwa waccan.

Na ce, "Likita, ki sa masa biyu mana, dole ɗaya ya dace."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai kake aske masa gemu. Don Allah, wane gefe ne?"

Na rufe ido na nemi fuskar Baba. Mutumin nan mai cikakkun haƙora ne ya fito, yana min murmushi.