Damin Maccido

Sa'adu Mai Albasa, mutumin Sisawa, ba ɓarawo ba ne, wannan kowa a ƙasar Wurno zai shaida. In ya auna maka albasa sai ya ɗora biyu a kai. Amma bana da kaka ta shigo, mutane na ta hamdala, shi ko kallon rumbunsa ba ya son yi.

Kakar bara abokinsa Maccido ya zo daga wani ƙauyen Rabah, bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna. Dami ɗaya ya tsira da shi, na iri, geron gidansu mai saurin nuna, wanda tun zamanin kakansa ake zaɓen zangarniyarsa ɗaya-ɗaya.

"Aje mani wanga har ruwa shi sauka," in ji Maccido.

Sa'adu ya rataye shi can saman rumbu. Ko yaron goye ya san manomi ba ya cin iri, balle irin wani.

To, sai shekara ta juya masa baya. Albasar da ya adana ta ruɓe, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, hanyar kasuwa kuma sai da addu'a. Ana cikin haka, da bazara, matarsa Surayya ta haihu, bayan shekarun da har dangi sun gaji da tambaya. Kai, Sa'adu ya yi murna kamar ya zauce! Aka sa wa yarinya Raihana. Sai dai suna na zuwa, ƙasan rumbu wayam, ko na fura babu. Ya ɗaga kai ya dubi damin.

"Gero ai gero na," ya ce wa ransa. "In sai mishi wani a kasuwa."

Aka sussuke, aka daka. Maccido da kansa ya zo suna, ya kafa kai a ƙwarya, ya sauke yana lashe baki. "Wallahi hurag ga kamat ta gidanmu!" Sa'adu ya yi dariya, shi ma har da ƙari.

Da hadari ya fara haɗuwa ya je Goronyo ya sayo tsaba, mai sayarwa na ta rantsuwa gero ne. Ya kai wa Maccido a buhu, wai ya sussuke masa ne don sauƙin ɗauka a babur. Ka ji ƙaryar mutumin kirki, ko gyaran murya bai yi ba.

Ashe maiwa ce, wadda ba ta nuna sai ƙarshen kaka. Maccido ya yi kasadar komawa ƙauye ya shuka, da sa ran kafin yunwar damina ta yi tsanani yara sun fara gasa tumu. Gonakin maƙwabta suka fitar da kai, tasa sai tsawo da ganye. Gidansa aka koma cin tafasa. A cikin wannan wahalar tsohuwarsa, Inna Kyauta, ta kwanta ba ta tashi ba. Mutane sun ce tsufa ne. Sa'adu ya je gaisuwa, ya kasa cewa komai ban da "Allah shi jiƙan rai," kuma tun ranar bai ƙara shan fura ta yi masa daɗi ba. Ko Raihana ya ɗauka, murnar sai ta zo masa da kunya.

Shekaranjiya sai ga Maccido a ƙofar gida, ya rame, da sabon dami a bayan babur. Geron gidansu ne, ya roƙo wurin wani ɗan baffansa. Sa'adu ya fito da Raihana a kafaɗa, ya buɗe baki.

"Maccido, wancan irin..."

"Na sani," in ji Maccido, yana wasa da yatsun Raihana. "Da nig ga maiwa cikin gona, sai nit tuna hurar suna."

Ya kwance igiya, ya miƙo damin.

"Rataye mani, Sa'adu. Ba ni da wani rumbu sai naka."