Mitar Sha-Huɗu

A ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare ƙasa ta karɓa, akwai wata rumfar kwano jingine da gida mai ɗaki biyu. Nan Sha-Huɗu ya shekara arba'in yana gyaran wutar mota. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya zo yana kukan batir na mutuwa, sai ya ce, "Kada ka zagi batir tukuna. Batir randa ce, altaneta ke ɗebo mata ruwa. In inji na aiki mita ta nuna sha huɗu, kama hanyarka. In ta tsaya a sha biyu tana zamewa, mai ɗebo ruwan ta kwanta." Ya faɗa, ya faɗa, har aka manta sunansa na yanka.

Gwajin na mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya taka totur, ya kunna fitilu da fanka, ɗaya ya ɗora jar waya da baƙa a kan batir yana duba mita. Shi kuwa mutum ne mai wuyar zama, ba wanda ya taɓa jure masa wata guda. Matarsa ce ta jure. In ya buga sifana sau uku a bango, sai ta fito tana share kumfar wanki a zani, ta shige kujerar direba.

"Taka."

"Na taka, Malam. Mota ta dubu ke nan da na tuƙa, ko bakin kwata ban taɓa kaiwa ba."

"Da ƙafa ake takawa, ba da baki ba."

Shekara shida kafin rasuwarta yanar ido ta fara rufe masa gani. Lambobin mita suka koma kamar tururuwa a cikin ruwa. Bai faɗa ba. Namiji ne, ya gwammace ya afka rami da ya ce bai gan shi ba. Ita ta gano, ranar da ta ga yana karanta mitar a juye. Ba ta tona shi ba. Cewa ta yi, "Gwiwata na ciwo, kai ka shiga ka taka." Tun daga ranar ita ke riƙe wayoyi tana kiran lamba, shi yana zaune yana gyaɗa kai kamar mai gwada ɗaliba. Mutanen layi suka ce tsoho ya sangarta tsohuwarsa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma lambobin mitar nan ta san su kamar yatsunta.

Ciwon kwana biyu ya ɗauke ta. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda ke aure a wani gari, ta ce ya tattara ya bi ta.

"Ina da aiki," in ji shi.

"Ranar da aikin ya gagare ka fa, Baba?"

"Ranar ki zo ki kwashe ni, ba zan yi musu ba."

Ta ce ta riƙe maganar.

Wata tara ya yi yana aiki da lalube. Ya sassaƙa sanda yana tokare totur da ita. Altaneta kuwa, sukundireba yake kai wa bayanta, in ƙarfen ya ji jan maganaɗisu ya ce tana da rai. Mitar yakan ɗaga ta ne kawai don masu mota su gani. Wani lokacin hannunsa kan manta ya buga sifana a bango, sai ya tsaya da ita a hannu yana kallon labulen da ba ya motsi. Kofinta na shayi yana nan a kan taga. Ƙura ta cika shi, bai wanke ba, bai kawar ba.

Wata safiya malamar makarantar bayan layi ta kawo motarta. Mahaifiyarta ba lafiya, tafiyar awa bakwai ce, rabinta daji, kuma ita kaɗai za ta. Jiya ta ga jar fitilar batir ta ƙyafta sau biyu.

Ya taɓa bel, bai saki ba. Ya kai sukundireba, ya ji ja, amma ja mai sanyi. Ko altanetar ce ta raunana, ko hannunsa ne, bai sani ba. Ya ɗora wayoyi, ya kawo mita har hanci. Hazo kawai.

"Baba, nawa ta nuna?" in ji malama daga kujera.

"Sha..." Harshen ya saba, saura kaɗan ya ƙarasa. Ya san malamar nan ƙawar 'yarsa ce tun suna yara, abin da ta gani da safe kafin azahar ya isa kunnen 'yar. Ya kuma san hanyar. Ya sha zuwa cikinta ɗauko mutanen da mota ta mutu musu, leɓe a bushe.

"Fito, 'yata. Jar waya a nan, baƙa a can. Ni zan taka."

"Ni ban iya ba, Baba."

"Ba ke ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi ba? Karanta mini abin da kika gani."

Ya zauna, ya taka, ya kunna fitilu da fanka.

"Sha biyu da ɗigo uku. Da ɗigo ɗaya. Baba, sauka take yi."

"Ta kwanta. Da ba ki kai rabin hanya ba."

Da lalube ya kwance ta, da lalube ya ɗaura wata. Kafin rana ta take, malama ta karanta masa sha huɗu. Ta dubi idanunsa, ta daɗe tana duba, ta yi godiya ta tafi. Da ta yi magana ma da ya fi masa sauƙi.

Kwana uku 'yar ta iso. Bai yi musu ba, shi ya yi alkawarin da bakinsa. Ya bar sifana rataye a ƙusa, ya sa mitar da kofin nan a jaka.

Yanzu yana ɗakin sama a gidan surukinsa, tagar na kallon inda maƙwabta ke ajiye motoci. Ana kula da shi, ba a rage shi da komai ba, sai dai kowa na fita da safe. In aka tada inji a ƙasa yakan karkata kunne ya ce, "Wannan bel ɗinta ya saki." Mai motar ba ya ji, tagar ta yi nisa.