Babbar Manhaja da Gonar Damari

Gonaki uku mahaifina ya bari, amma biyu kaɗai na san iyakarsu. Ta Pauwa da ta Daudawa suna cikin kwamfutata, kowace kusurwa da alamarta. Ta ukun tana Damari, can ƙasar Sabuwa, gadon mahaifiyarsa ce. Yadda aka yi ta kuɓuce mini ba dogon labari ba ne, kuma babu wanda ya cuce ni a ciki.

A shekarar da 'yan bindiga suka hana mu sakat muka kwaso kayanmu daga Pauwa muka dawo cikin Ƙanƙara, gidan haya. Baba bai ƙara taka gona ba. Hawan jini ya sa shi gaba, ƙafafunsa suka kumbura, ya koma zaman tabarma a zaure daga hantsi zuwa azahar. Ni kuma na gama difloma a fannin kwamfuta, ina zaune babu aikin fari balle na baƙi.

A wurinmu iyakar gona ba a takarda take ba, a kan dattijo take: marken nan, surin can, layin gambar da aka dasa, dutsen da kakan wane ya kafa a gaban shaidu. Takarda ɗaya da muka taɓa mallaka, ta gonar Daudawa, gara ta cinye ta a cikin adaka. Wannan ya sa na ce wa Baba zan rubuta manhaja ta musamman, kowace gona da gabas da yamma da kudu da arewa, da alamominta, da maƙwabta, da shaidu. Na cika baki sosai. Na ce masa takarda ta zama tsohon yayi, abin da ya shiga kwamfuta gara ba ta isa ta taɓa shi ba. Ya ji daɗin maganar fiye da yadda na zata.

Mai rubuta manhaja yana bukatar wata manhajar da zai yi aikin a cikinta, kamar yadda tela ke bukatar keke. Wadda muka koya a makaranta nau'i uku ce: ta kyauta, ta ƙwararru, da ta manyan kamfanoni. Sunayen kawai na sani. A ɗakin kwamfutar makaranta abin da muka tarar an ɗura shi muke amfani da shi, ban taɓa tambayar bambancinsu ba. A lokacin an yanke sabis ɗin waya a yankinmu baki ɗaya, don haka sai an je Funtuwa a ɗuro. Ana gobe zan tafi na yi wa Baba bayanin nau'in ukun.

"Wace ce babba?" ya ce.

"Ta kamfanoni, Baba."

"To ita za ka kawo. Kak ka kawo mani ta kyauta. Ka manta takin nan?"

Ban manta ba, duk gidan ba wanda ya manta. Wata damina masu neman ƙuri'a suka raba taki kyauta, Baba ya karɓi buhu biyu, aka buɗe aka tarar rabi yashi ne. Tun daga ranar ko goro aka ce kyauta ne sai ya juya shi ya duba bayansa. Kuma a gidanmu ba a ɗauko wa uba ƙaramin abu in akwai babba. Ko tsokar nama ce, babbar ce tasa.

Mai shagon a Funtuwa ɗan siriri ne mai tabarau, yana cin gyaɗa yana aiki. Da na faɗi wadda nake so sai ya dube ni, ya dubi tsohuwar kwamfutata.

"Malam, kai kaɗai za ka yi aikin?"

"Ni kaɗai."

"To ai ta kyautar ta ishe ka. Babbar nan ta gwaji ce fa."

Na ce masa na san abin da nake yi. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗura mini. Na ji kalmar gwaji sarai, na bar ta a shagon tare da ɓawon gyaɗarsa.

Babbar ta yi wa kwamfutar nauyi. In na kunna ta sai na sha koko na wanke kofi kafin ta gama buɗewa. A kusurwar sama akwai ɗan rubutu da ke cewa saura kwana kaza, kullum yana raguwa. Ina ganinsa kamar yadda ake ganin kalandar bango.

Mako guda na yi ina gina manhajar, sannan muka fara. Kowace hantsi in shimfiɗa tabarma kusa da tasa, shi yana faɗi ni ina bugawa. Baba ba ya tafiya kai tsaye. Kafin ya kai ga marken arewa sai ya ba da labarin wanda ya sare reshensa da yadda aka sasanta. Gonar Pauwa ta ci mana kusan mako biyu. Ta Daudawa, inda yake noma auduga, ba ta kai haka ba. Da rana kuma ina ta sauya launin shafuka, yau kore gobe shuɗi, don ya gani ya ce madalla. Yakan ce.

Ranar wata Alhamis muka zo kan ta Damari. Na kunna kwamfuta, na sha koko, na dawo. Baba ya gyara zama ya fara.

"Ta Damari kuwa, daga gabas za ka hwara. In ka tsaya gindin tsamiyar da…"

"Dakata, Baba."

Wani akwati ne ya fito a tsakiyar fuskar kwamfutar. Kwana talatin na gwaji sun cika, sai a sa lambar lasin ko a shiga intanet. Maɓalli ɗaya ne ke aiki, na rufewa. Na rufe na sake buɗewa har sau uku.

"Mi ya hwaru?"

"Ta kulle. Sai na koma Funtuwa."

"To ɗauko takarda mana."

Na ce a'a. Na ce aiki biyu ke nan, a bari in gyara mu shigar da ita gaba ɗaya yadda ya kamata. Gaskiyar kuwa kunya nake ji. Ni da na yi wa takarda tsiya a gabansa, yanzu in aika a sayo littafin makaranta? Wayata tana aljihuna, tana ɗaukar murya ko babu sabis. Bai ma zo mini a rai ba.

"To," ya ce. Ya jingina da bango.

Hanyar ba ta biyuwa a makon, direbobi sun ƙi fita. Kwana tara na yi ina jira. Sau biyu a cikinsu ya ce, "Zo in ƙarasa maka wagga ta Damari," sau biyu na ce masa saura kaɗan. Yakan ce to.

Da na isa Funtuwa mai tabarau bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Ya cire babbar ya sa ta kyauta, yana yi yana bayani. Wurin rubutu ɗaya ne, abin da ke juya rubutun ya zama manhaja ɗaya ne, abin farautar kuskure ma ɗaya ne. Ƙarin da ke cikin babbar na ma'aikata ne masu yawa da ke aiki ɗaya daga garuruwa daban-daban, da masu gwada manhajar da dubban mutane za su shiga lokaci guda. Ta ƙwararru kuma kusan ita ce ta kyautar, lasin ne ya raba su, don kamfani ba shi da izinin amfani da ta kyauta. Ya tambaye ni ko na taɓa latsa ko ɗaya daga cikin kayan babbar. Ban taɓa ba. Ya buɗe aikina, komai yana nan, har ya fi sauri. Ya ƙara da cewa manhajar da na riga na gina ma ba ta kulle ba, da na neme ta a jakar da take ajiye cikin kwamfutar da ta buɗe ita kaɗai.

Na dawo bayan la'asar na tarar da takalma a ƙofar gida. Tun da hantsi ya faɗi a bakin zaure. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Ban yi kuka ba, kuma ban ji komai ba. Na tuna dai na sa kwamfutar a caji. Washegari na zauna kusa da katifarsa na buɗe shafin Damari na juya masa ya gani. Gurbin gabas yana nan fari, ɗan layin rubutu yana ƙiftawa a ciki. Ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya motsa, yawu ya zubo, Inna ta goge masa da gefen mayafinta. Bai iya boko ba, ajamin da yake yi kuma da hannun dama ne. Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka.

A zaman makoki mutane suna ta cewa ai an gode Allah, ɗansa ya sa komai a kwamfuta. Ina amsawa da amin.

Har yau ta kyautar nake amfani da ita. Da ita na yi wa masu shaguna biyu a Ƙanƙara aiki, ba ta taɓa tambayata komai ba.

Bara da hanya ta ɗan lafa muka je Damari ni da Baffa, ƙanen Baba, wanda rabonsa da garin tun yana goye. Dattawan da suka san gonar wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura. Ɗan maƙwabcinmu ne ya raka mu, magidanci mai kirki, shekarun nan shi yake noma wajen gaba ɗaya don kada ya zama daji. Ya ce shi ma mahaifinsa bai nuna masa iyakar ba.

"Ku nuna inda taku ta tsaya, wallahi yau zan janye," ya ce.

Baffa ya juyo ya dube ni, ya dubi jakar da ke kafaɗata. Na ce daga gabas ake farawa, daga gindin tsamiya. Muka taka zuwa gabas. Tsamiya huɗu na ƙirga a wurin, kowace da tazara mai yawa tsakaninta da 'yar'uwarta.

"Wacce daga ciki?" in ji Baffa.

Na ce iya nan maganar Baba ta tsaya.