Dankure da Igiyar Kurungu

Duk wanda ya zauna Badariya a farkon shekarun Jihar Kebbi ya san tsohon nan mai kare. Sunansa Dankure, masunci ne daga Argungu, kuma ba son birni ya kawo shi Birnin Kebbi ba. Gwiwarsa ta hagu ce ta fara hana shi shiga ruwa, daga baya matarsa Kulsumi ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Ɗansa Junaidu, wanda ya samu aikin akawu da aka buɗe sababbin ofisoshin jiha, ya je da motar haya ya kwaso shi da kayansa: tabarma, buta, homa biyu na kamun kifi da ya rantse ba zai bari ba, da wani kwando da ya hana kowa taɓawa. Sai da suka zo Ambursa kwandon ya yi gurnani.

"Baba, mi ke cikin kwandon ga?" in ji Junaidu.

"Kyautar Labbo ta. Bar shi, kwana shikai."

Labbo maharbi ne, abokin Dankure tun na ƙuruciya, kyautar kuwa ɗan kwikwiyo ne ja mai farin ƙirji. Dankure ya sa masa suna Kurungu, don gurnaninsa irin na kifin nan ne idan an fito da shi ruwa.

Ɗayyaba, matar Junaidu, ta karɓi surukinta hannu biyu, amma kare ta gindaya masa sharaɗi: ba tsakar gida, ba kusa da randa, kuma kaskonsa daban. Dankure bai yi musu ba. Ya kafa masa 'yar rumfa a bayan gida, ya ware tsohuwar riga ta fita da kare, wadda yake tuɓewa ya wanke hannu kafin ya yi alwala. Da likita ya ce gwiwar nan tafiyar safe take so, sai ya tuƙa igiya daga tsohon zaren sunsa, ya ce ya samu abokin tafiya.

Nan aiki ya tashi. Kurungu bai san tafiya ba, gudu ya sani. Kaza, akuya, ganyen da iska ta ɗauko, duk nasa ne. Shi kuma Dankure hannun masunci gare shi: da zare ya yi tauri, hannun ya riga kai tunani, ya fizga. Haka ya ci da iyalinsa tun yana saurayi, ba a Badariya za a sake masa hannu ba. Yana fizga, kwikwiyon zai dawo da baya a birkice, ya tashi yana kaɗa wutsiya, ya ɗauka wasa ne, ya ƙara ja da ƙarfin da ya fi na farko.

Riskuwa mai shayi, da teburinsa ke bakin kwana, ya samu abin kallo kyauta.

"Baba Dankure, yau wa ka kai wani yawo? Kai ko shi?"

"Kai dai zuba ruwan zafinka."

"Wallahi in ka gaji ka hau shi, shi kai ka gida!"

Wata safiya wata akuya ta gifta da 'ya'yanta. Kurungu ya zabura, Dankure ya fizga, gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, sai ga shi cikin kwata gaban teburin shayi. Riskuwa bai yi dariya ba ran nan. Shi ya goyo shi har gida. Gwiwar ta kumbura kamar tulu.

Junaidu ya durƙusa gabansa da maraice, ya daɗe yana jujjuya hula.

"Baba, ka yi haƙuri. Wanga kare shina iya karya ka. In wata ya ƙare bai bar ja ba, motar Argungu za ta mai da shi ga Baba Labbo."

Dankure ya dubi gwiwar da ta kumbura. Ya san ɗansa na da gaskiya. Amma ya san wani abu kuma: a duk faɗin Birnin Kebbi, Kurungu kaɗai ne suka baro Argungu tare. Shi yake ba labarin ruwa da hantsi, lokacin da Junaidu ke ofis, Ɗayyaba na fama da girki.

Da kumburin ya sauka ya fita da sanda a hannun dama, igiya ta koma hagu, hannun da bai taɓa iya fatsa ba. Ko ƙofar gida ba su bari ba Kurungu ya ja. Dankure ba halin bi, ba halin fizga, sai ya kafa sandarsa ya tsaya cik. Kwikwiyon ya ja, ya yi tari, ya ƙara ja, sannan ya waiwayo yana duban tsohon kamar mai tambayar me ya faru. Ya dawo kusa da ƙafarsa. Igiya ta saki, ta yi ciki har tana shafar ƙasa.

Dankure ya yi dariya shi kaɗai a kan hanya. Ƙananan kifaye ake fizga. Giwan ruwa kuwa ba mai hankalin da ke ja da shi. Tsayawa ake yi a bar shi ya gaji da kansa.

"Ashe raina ka ni yi," ya ce wa kwikwiyon. "Babban kifi na kai."

Daga ranar ya tsai da doka guda: igiya ta yi tauri, ba inda za a je, ta saki, a ci gaba. Ya ƙara da wata dabara, ɗan ɓallin bandar kifi a aljihun hagu, duk sanda Kurungu ya dawo gefensa ya samu rabonsa. Tafiyar da a da ba ta ɗaukar komai, yanzu kafin su kai kwana Riskuwa ya fara wanke kofuna.

"Baba, an dasa ka nan ne? In kawo ruwa in ba ka ka yi ganye?"

"Ka kawo shayi dai, marowaci."

Bandar kuwa daga tukunyar Ɗayyaba take fitowa. Ta lura kifin miyarta na ragewa, ta zargi kyanwar maƙwabta, har ranar da ta zo wankin tsohuwar rigar ta ji aljihun yana ƙarni. Ta wanke ta, ta shanya. Washegari Dankure ya tarar da kawunan kifi a ƙunshe cikin takarda a bakin ƙofarsa.

"Ɗiyata, wanga fa?"

"Na ɗalibinka ne, Baba. Ka bar mini tsokar."

Ranar da wata ya ƙare Junaidu ya riga ya yi magana da direban motar Argungu. Dankure ya sa rigar kare, ya ce wa Junaidu ya biyo su a baya ya gani da idonsa. Suka tafi, Kurungu na gefen hagu, kai sama, igiya na lilo. Dab da teburin Riskuwa sai ga akuyar nan dai da 'ya'yanta. Jikin Kurungu ya ɗauki rawa, ya yi gaba, igiya ta miƙe. Dankure ya ji hannunsa na dama yana motsi a kan sanda, ya danne shi, ya tsaya. Masu shan shayi suka zuba ido. Kurungu ya yi ɗan gurnaninsa, ya dubi akuya, ya dubi tsoho, ya dawo ya zauna kusa da gwiwar mai ciwo.

"Ba ni in gwada," in ji Junaidu.

Yana karɓa kwikwiyon ya ja, shi kuwa ya fizga tun bai sani ba.

"Ka gani? Hannun gidanmu na," in ji Dankure. "Kak ka ja. Tsaya kawai, kamar an kira ka ba ka ji ba."

Junaidu ya tsaya da takalmansa na ofis a tsakiyar hanya, Riskuwa na ihu wai yau an dasa biyu. Can igiya ta saki.

Motar Argungu ta tashi da hantsi. Abin da direban ya tafi da shi gidan Labbo goro ne a ƙunshe da saƙon baki daga Dankure: kwikwiyo na nan lafiya, ya koyi tafiya, yanzu akawu ake koya wa.